Hukuncin Kuɗin Fanshon Ma'aikatan Jiha da Ƙananan Hukumomi: Halaccinsu, Zakkarsu da Gadonsu

TAMBAYA:

Ni malamin firamare ne a ƙarƙashin ƙaramar hukuma, saura mini shekara uku in yi ritaya. Shekara da shekaru ana yankar kuɗin fansho a albashina. Wasu sun ce mini kuɗin nan juya su ake yi da kuɗin ruwa, don haka duk wanda ya karɓa ya ci riba. Kuma cikin waɗanda suka riga mu ajiye aiki akwai masu shekara biyar ba su ga garatutinsu ba, wasu har sun rasu. Wani abokin aikinmu da ya rasu, da kuɗinsa suka fito sai ƙanensa ya riƙe duka, ya ce ai sunansa ne a fom. Malam, menene hukuncin kuɗin nan? Akwai zakka a kansu? Kuma idan mutum ya rasu na wane ne?

AMSA:

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri da ka damu da abin da zai shiga cikinka da na iyalinka tun kafin ya zo hannu. Amsar a taƙaice ita ce: asalin fansho da garatuti halal ne, haƙƙinka ne, wani yanki ne na ladan aikinka da aka jinkirta. Amma hukuncin riba da zakka da gado yana sauyawa gwargwadon tsarin da jiharka take bi, kuma jihohin Najeriya ba tsari ɗaya suke bi ba. Malamai ba sa yanke hukunci a kan abu sai sun fahimci yadda yake, saboda haka sai ka yi haƙuri mu fara da bayanin tsare-tsaren.

Tsohon tsari shi ne wanda iyayenmu suka sani, wanda dokar soja mai lamba 102 ta shekarar 1979 ta kafa. Ba a yankar ma'aikaci komai. Idan ya cika shekara 35 yana aiki, ko ya kai shekara 60 da haihuwa, sai a ba shi garatuti a dunƙule, sannan a riƙa ba shi fansho duk wata har ya koma ga Allah. Ana lissafa su ne da albashinsa na ƙarshe da yawan shekarun da ya yi. Daga ina kuɗin suke fitowa? Daga kasafin kuɗin wannan shekarar da ake ciki. Babu wani rumbu da aka tara komai a ciki. Alƙawari ne kawai a takarda. Muddin ma'aikata kaɗan ne kuma kuɗin mai yana shigowa, abin yana tafiya. Da masu ritaya suka yi yawa, aka ƙirƙiro sababbin jihohi da ƙananan hukumomi kowa da ma'aikatansa, sai bashi ya fara hawa kan bashi, domin idan kuɗi suka gaza, mai mulki yakan fara biyan wanda zai iya tafiya yajin aiki. Tsoho kuwa ba shi da aikin da zai yi wa yaji.

Wannan ne ya sa a shekarar 2004, zamanin shugaba Obasanjo, aka yi dokar gyaran fansho, aka kafa hukumar kula da fansho ta ƙasa wadda ake kira PenCom. A 2014 aka sake dokar. A wannan sabon tsari kowane ma'aikaci yana da asusun ajiya da sunansa. Ana yankar kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba kashi 18 ke nan duk wata. Misali, idan albashin da ake lissafi da shi naira 100,000 ne, za a yanki 8,000, gwamnati ta ƙara 10,000, a shekara an tara masa 216,000. Wani kamfani mai lasisi ne yake juya kuɗin, wani kamfanin daban kuma yake riƙe da su, an raba ne don kada mai juyawa ya zama shi ne mai ajiya. Dokar ta ce a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. A nan ba a yi maka alƙawarin adadin da za ka samu ba. Abin da ka tarar a asusunka ranar ritaya, shi ne naka.

Sai dai tsarin mulkin 1999, a sashe na 210, ya bar fanshon ma'aikatan jiha a hannun dokar jiha. Saboda haka dokar tarayya ba ta aiki a kanka sai majalisar dokokin jiharka ta yi tata. Legas ta yi a 2007. Kaduna ta yi a 2016 ta fara aiki da ita a farkon 2017. Jigawa da Kano kuwa wata hanya ta uku suka bi: ana yankar ma'aikaci kashi 8, gwamnati ta ƙara kashi 17, amma ba asusun mutum ɗaya-ɗaya ake zubawa ba, tukunya ɗaya ce a hannun hukumar amintattu, kuma ranar ritaya ana biyan mutum ne da lissafin albashinsa da shekarunsa kamar a tsohon tsari. Akwai jihohin da suka yi doka ba su aiwatar ba, akwai waɗanda har yau suna kan tsohon tsari. Ku ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman firamare naku ya fi sarƙaƙiya, domin shekaru da yawa kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi, can ake cire na fansho kafin su iso. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Wannan bai sauke bashin fansho daga wuyan kowa ba, sai dai ya ƙara wajabta a fayyace wanda zai riƙa zubawa.

To abu na farko da za ka yi, ka je ofishin albashinku ko wurin shugabannin ƙungiyarku ka tambaya: wane tsari nake ciki? Idan kana da lambar asusun fansho kuma wani kamfani yana aiko maka da bayanin abin da ya shiga, kana cikin sabon tsari. Idan ana yanka amma ba ka da asusu da sunanka, kana cikin na tukunya ɗaya.

Halaccin karɓa

Aikin gwamnati ijara ce: ka ba da lokacinka da ƙarfinka, a ba ka lada. Ranar da aka ɗauke ka aiki, sharaɗin ya haɗa da albashin wata da kuma abin da za a ba ka bayan ka gama. Musulmi kuwa ana kama su da sharuɗɗan da suka ƙulla matuƙar ba su halatta haram ba. Ban da wannan, ɗaukar nauyin wanda ƙarfinsa ya ƙare aiki ne na shugaba tun farkon Musulunci. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kafa diwani ya rubuta sunayen mutane ana ba su rabo daga baitulmali. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a littafinsa Al-Kharaj cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya sa aka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali, domin yana ganin ba adalci ba ne a amfana da mutum yana saurayi a yar da shi da ya tsufa. Idan haka aka yi wa wanda ba Musulmi ba kuma bai yi wa hukuma aiki ba, ina ga wanda ya share shekara talatin da ɗoriya yana koyar da 'ya'yan talakawa?

Malaman wannan zamani ma sun tattauna mas'alar. Taron Majma'ul Buhusil Islamiyya da aka yi a Alƙahira a 1965, wanda ya tabbatar da cewa kuɗin ruwan banki riba ne, shi ne kuma ya ce tsarin fanshon gwamnati ya halatta. Majalisar manyan malamai ta Saudiyya, lokacin da ta haramta inshorar kasuwanci, ta bambanta ta da fansho, ta ce fansho haƙƙi ne da shugaba ya ɗora wa kansa saboda nauyin talakawansa da ke wuyansa, ba ciniki ba ne da ake neman riba a cikinsa. Saboda haka mai cewa fansho gaba ɗayansa haram ne ya wuce gona da iri, kuma yana iya jefa tsoho cikin bara da fatawar da ba ta da tushe.

Maganar riba

A nan ne waɗanda suka yi maka magana suke da ƙanshin gaskiya. Kuɗin fansho ba a rufe su a akwati. Mafi yawan kuɗin sabon tsari ana saka su ne a takardun bashin gwamnatin tarayya da ajiyar banki mai kuɗin ruwa, wani kaso kuma a hannun jarin kamfanoni. Ba da bashi a dawo da ƙari riba ce, ko gwamnati ce ta ci bashin ko mutum.

Idan kana tsohon tsari ko na tukunya ɗaya, ba ka da abin da za ka fitar. Abin da za a ba ka doka ce ta ƙayyade shi da albashinka, ba zai ƙaru don an ci riba ba, ba zai ragu don an yi asara ba. Kai ba ka ba kowa bashi ba, ba ka ƙulla cinikin riba da kowa ba. Idan amintattun asusun sun saka kuɗin inda bai halatta ba, zunubin yana kansu, kuma wajibi ne a yi musu nasiha.

Idan kuwa kana sabon tsari, hukuncin ya bambanta, domin asusun da sunanka yake, kuma ƙarin da yake samu daga juyawar nan yake fitowa kai tsaye. Abin da aka yanka dole ba da zaɓinka ba, kuma aka juya shi lokacin da babu wata ƙofa, ba ka da laifi a kansa, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. Amma yanzu ƙofa ta buɗe. A 2021 PenCom ta fito da asusun da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, wanda ake kira Asusu na Shida, yana da ɓangaren masu aiki da na waɗanda suka yi ritaya. Ana saka kuɗinsa a sukuk, irin wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, da hannun jarin kamfanonin da aka tantance. Ba a mayar da mutum can sai ya nema da kansa a rubuce. Abin da nake gani shi ne, wanda ya san da wannan asusun kuma yana da ikon komawa, wajibi ne ya koma, domin uzurin tilas ya faɗi. Ka tambayi kamfaninka abin da suka zuba kuɗin asusun a ciki, da yadda suke tsarkake shi idan wani abu ya gauraya. Idan suka yi maka wasa da hankali, tun ƙarshen 2020 an ba ma'aikaci damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara.

To ƙarin da ya riga ya taru kafin ka koma fa? Malamai sun saɓa. Wasu daga malaman Indiya da Fakistan, irin su Mufti Muhammad Shafi, sun tafi a kan cewa idan yankan na dole ne, ƙarin da aka ɗora ba riba ba ce a haƙƙin ma'aikaci, tunda kuɗin ba su taɓa shiga hannunsa ba balle a ce ya ba da su bashi. Wasu kuma suka ce a fitar da ƙarin. Magana ta biyu ta fi kusa da tsentseni a irin tsarinmu, saboda doka ta ɗauki abin da ke asusun a matsayin naka. Yadda za ka yi: ka karɓi takardar bayanin asusunka, za ka ga jimlar abin da aka zuba da kuma jimlar abin da ke ciki. Abin da aka zuba, naka da na gwamnati, halal ne tsantsa. Bambancin da ke tsakani shi ne ƙarin, kuma gauraye yake. Ka yi kirdado iyakar iyawarka, ka fitar da abin da ya rinjaya a zatonka na ruwa ne, ka bai wa mabuƙata ko a yi aikin amfanin jama'a, da niyyar rabuwa da shi ba da niyyar sadaka ba. Ba dole ba ne ka fitar a rana ɗaya, duk abin da ya zo hannunka ka cire kasonsa. Idan kuma kai ɗin ne mabuƙacin, fanshon ba ya kai ka ƙarshen wata, to Imamun Nawawi ya naƙalto daga Imamul Gazali cewa wanda dukiyar haram ta saura a hannunsa alhali shi faƙiri ne, ya halatta ya ɗauki gwargwadon buƙatarsa da ta iyalinsa. Da yawa daga malaman firamare da masinjoji da lebura suna ƙarƙashin wannan sauƙi, kada a tsananta musu.

Ranar ritaya a sabon tsari za a ba ka zaɓi biyu bayan abin da ka karɓa a dunƙule: ko kamfanin fanshon ya ci gaba da riƙe kuɗinka yana ba ka kaɗan-kaɗan bisa tsari, ko ka miƙa su ga kamfanin inshora ya riƙa biyanka iyakar rayuwarka. Na biyun, idan inshorar kasuwanci ce, sayen kuɗi ne da kuɗi ba tare da sanin adadi ko wa'adi ba, ya haɗa garari da riba. Ka zaɓi na farko a cikin Asusu na Shida, sai fa idan ka samu na takaful wanda malamai suka tantance.

Waɗanda ake riƙe wa haƙƙi

Wannan ɓangaren tambayarka shi ya fi tayar mini da hankali, domin babu liman a ƙasar nan da bai sallaci gawar wanda ya mutu yana jiran garatuti ba. Kashi 8 ɗin nan da aka yanka ba kuɗin gwamnati ba ne. Albashin ma'aikaci ne da ya riga ya yi guminsa, aka ce a ajiye masa. Amana ce, kuma Allah Ya yi umarni a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da a mayar da amana ga masu ita. Duk jami'in da ya yanka bai tura ba, ko ya karkatar da su zuwa kwangila, ko ginin gidaje, ko biyan albashin wani wata, ya ci amana, ko da bai sa sisi a aljihunsa ba. Cewa "ranta muka yi za mu mayar" ba hujja ba ce, domin wanda aka ba ajiya ba shi da ikon ranta wa kansa ba da izinin mai ita ba, kuma idan ya taɓa, lamuni ya hau kansa. Kason da gwamnati ta yi alƙawarin ƙarawa kuwa bashi ne a kanta tun ranar da wata ya ƙare.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. Kuma a hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, Allah Ya ambaci mutum uku da Shi da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, cikinsu akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci ya gama morar aikinsa sannan ya hana shi ladansa. Wanda Allah ne abokin shari'arsa, wane lauya zai ɗauka?

Za a ce ai babu kuɗi. Idan da gaske babu, Shari'a ta san jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Amma mai ƙuncin gaskiya ba ya sayen jerin gwanon motoci, ba ya yi wa tsofaffin gwamnoni dokar fansho mai gidaje da motoci saboda shekara huɗu ko takwas, alhali mai shekara 35 yana layi. Wasu jihohi sun gane hakan, Zamfara ta soke irin wannan doka a 2019. Kuma idan kuɗin ba su isa kowa ba, adalci shi ne a bi layi bisa ranar ritaya, a fitar da jerin sunaye kowa ya gani, a gabatar da marayu da marasa lafiya bisa ƙa'ida bayyananniya, ba wanda ya san wani ba. Gwamnan da ya gaji bashin fansho ba zai ce ba shi ya ci ba, domin bashin yana kan kujerar ne, wanda ya nemi kujerar ya nemi nauyinta. Kuma idan ya biya, a gode masa kamar yadda ake gode wa mai cika alƙawari, amma kada a mayar da abin kyauta har a tara tsofaffi a rana suna tafi.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: jinkiri kansa yana cin dukiya. Mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Garatutin da zai gina gida lokacin da ya wajaba, idan aka biya shi bayan shekara bakwai da ƙyar ya sayi fili. Shi ya sa sashe na 210 ɗin nan ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka duba albashi, wanda ya riga zuwa. Wannan ƙarin ba riba ba ce, gyaran lada ne daga wanda ya ɗauke ka aiki, kuma neman sa ta hanyar ƙungiya ko kotu neman haƙƙi ne.

Ba ni da hurumin cewa wannan tsari shi ne na Musulunci wancan ba shi ba ne, mas'ala ce ta maslaha. Amma hankali da Shari'a sun haɗu a kan cewa alƙawarin da ba a tanadar masa komai ba yaudara ce. Annabi Yusuf, Alaihis Salam, bai jira shekarun fari ba kafin ya cika rumbuna. Kowane tsari jiha ta zaɓa, ba zai tsaya ba sai an zuba kason kowane wata a kan lokaci, an raba kuɗin da asusun gwamnati ta yadda hannun gwamna ba zai kai ba, kuma masana lissafi suna auna abin da ke ciki da abin da ake bin sa lokaci-lokaci suna faɗa wa ma'aikata gaskiya. Jihar da za ta koma sabon tsari kuma dole ta ware kuɗin shekarun da mutane suka yi kafin sauyin. Gwamnatin tarayya kashi 5 cikin 100 na albashin ma'aikatanta doka ta ce ta riƙa warewa don wannan. Inda ba a ware ba, mutum yakan yi ritaya ya tarar da rabin haƙƙinsa a asusu, rabi a bakin alƙawari.

Mu ma talakawa akwai namu. Rage shekarun haihuwa don a daɗe a aiki ƙarya ce, kuma albashin da ya biyo baya yana da shubuha. Ɓoye mutuwar uba don a ci gaba da karɓar fanshonsa cin haram ne, kuma daga bakin wani tsoho mai rai ake cirewa. Ma'aikacin ofishin fansho da ke danne fayil sai an ba shi wani kaso, rashawa yake ci daga mafi raunin mutane. Wanda aka matsa har ya bayar don ya karɓi tsantsar haƙƙinsa, bayan ya bi duk hanyar da zai iya, malamai da yawa sun ce zunubin yana kan mai karɓa, amma ban da wanda ya bayar don a tsallake da shi gaban waɗanda suka riga shi.

Haka nan abin da ya fara yawa na sayar da garatuti: mutum yana bin miliyan uku, wani mai kuɗi ya ba shi miliyan biyu a hannu, in sun fito ya ɗauke duka. Wannan riba ce ƙarara, kuɗi da kuɗi da fifiko da jinkiri. Abin ma ba sabo ba ne. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa a zamanin Marwan ɗan Hakam an raba wa mutane takardun rabon abinci, sai suka riƙa cinikinsu a tsakaninsu kafin a karɓi abincin, sahabbai suka yi inkari, Marwan ya sa aka bi aka karɓe takardun aka mayar wa masu su. Mai son taimakon tsoho ya ranta masa, in kuɗin sun fito ya karɓi daidai abin da ya bayar.

Zakka

Babu zakka a kan kuɗin fansho muddin ba su zo hannunka ba, domin sharaɗin zakka cikakkiyar mallaka, kai kuwa ba ka iya cire su ko ka juya su yadda kake so. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Dubai a 2005. Idan ka karɓi garatuti, a mazhabar Imamu Malik ana ɗaukarsa a matsayin fa'ida, wato sabuwar dukiya, sai ka fara ƙirga shekara daga ranar da ya shiga hannunka. Idan shekarar Musulunci ta zagayo kuma abin da ya saura, shi kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinka, ya kai nisabi, wato ƙimar giram 85 na zinare, sai ka fitar da ɗaya bisa arba'in. Hanafiyya sun ce idan dama kana da nisabi, ka haɗa shi da kuɗinka ka fitar a ranar zakkarka, wannan ya fi sauƙin lissafi ga mai iyawa. Shekarun da aka riƙe maka ba za ka biya musu komai ba. Idan ka sayi gidan zama da kuɗin kafin shekara, ko fanshon wata-wata yana ƙarewa a cefane, babu zakka.

Gado

Ƙanen abokin aikinku ya yi kuskure babba, a gaya masa da lallami amma a fili. Sunan da ma'aikaci ya rubuta a fom na wanda za a tuntuɓa ne, wakili ne mai karɓa a madadin magada, ba a mallaka masa komai ba. Ko dokar 2014 ba ta ce a ba shi don kansa ba, shi ya sa kamfanonin fansho suke neman wasiyya ko takardar kotu kafin su saki kuɗin mamaci. Duk abin da ke asusun mamacin, da garatutin da ya cancanta, da bashin fansho ko albashin da yake bi kafin ya rasu, tarika ce. A fara da hidimar jana'izarsa, sai bashin da ake bin sa, sai wasiyyarsa idan ba ta wuce sulusi ba kuma ba ga magaji aka yi ta ba, sannan a raba saura yadda Allah Ya raba a Suratun Nisa'i. Idan mamacin ya bar ɗa namiji ko mahaifi, ƙanen nan ba shi da ko kwabo. Idan akwai marayu a ciki, to ya karanta aya ta 10 ta wannan surar ya ga makomar mai cin dukiyarsu. Abin da ya kashe na zirga-zirgar fitar da kuɗin yana iya karɓa da sanin magada ko alƙali.

Abu ɗaya ne ya fita daga wannan: abin da hukuma ta bayar daga wurinta bayan rasuwar, wanda mamacin bai mallake shi yana raye ba, kuma dokarta ta ambaci waɗanda za a ba, kamar a ce matansa da ƙananan 'ya'yansa. Wannan kyauta ce daga mai bayarwa, ana bin sharaɗinsa, ba a raba shi rabon gado. Idan ba a ambaci kowa ba, ko aka rasa gane wane iri ne, a mayar da shi cikin tarika. Iyalan su nemi takardar da ta zo da kuɗin, yawanci tana rarrabe kowane kaso da sunansa, su kai ta gaban alƙalin kotun Shari'a ko malamin da ya san fara'il ya raba musu.

Kai kuma tun yanzu ka tara takardunka wuri ɗaya: ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, na ƙarin girma, da takardun albashi masu nuna abin da aka yanka. Ka sanar da iyalinka inda suke, ka rubuta a gaban shaidu biyu cewa wanda sunansa ke fom wakili ne kawai, kuma abin da ya fito a raba shi bisa Shari'a.

Wallahu Ta'ala A'alam.